Tsohuwar Winchester mai zane a jikin tagulla: a goge ta kafin a kai ta a yi mata kuɗi?

Baban Hafsa, Jidda:
Assalamu alaikum. Cikin kayan da muka gada daga kakanmu akwai tsohuwar bindiga ƙirar Winchester, irin wadda ake jan mariƙin da ke ƙarƙashin kunama a mayar da shi domin harsashi ya hau. Tsakiyarta tagulla ce, an sassaƙa mata zanen ganye da barewa, amma tagullar ta yi duhu, kuma tsatsa ta fara cin bakin bindigar saboda danshin Jidda. Magada suna so a san darajarta kafin rabon gado. Shin in ba maƙeri ya goge ta tukuna? Kuma yaya ake gane ko zanen na asali ne?

Alhaji Mai Tsofaffin Kaya, Makka:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bari kowa ya kusance ta da man goge tagulla. Duhun nan da kake gani shi masu tara irin waɗannan bindigogi suke biya wa kuɗi, domin shi ne shaidar cewa hannu bai taɓa ta ba. Gogewa tana cinye kaifin zanen, ta dusashe rubutun kamfani, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ka shafa wa ƙarfen mai kaɗan da tsumma mai laushi, ka fitar da ita daga kuben fata idan a ciki take, domin fata tana riƙe danshi.

Yadda ka siffanta ta, ina zaton ƙirar 1866 ce, wadda ta biyo bayan bindiga ƙirar Henry ta 1860. Ka duba gefen dama, za ka ga ƙaramar ƙofar da ake cusa harsashi, abin da Henry ba ta da shi. Ba abin mamaki ba ne a same ta a ƙasar nan, tunda Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ke mulkin Hijaz (yankin Makka da Madina) a lokacin, ta sayi dubbanta, har ta yaƙi Rasha da su a garin Plevna da ke Bulgeriya ta yau a 1877.

Injiniya Abu Usman, Riyad:
Alhaji ya yi gaskiya, sai dai batun zanen ya fi komai nauyi. Akwai wanda aka yi a kamfanin Winchester a garin New Haven na Amurka, inda masu zane 'yan gidan Ulrich suka yi suna, akwai na gwanaye irin su Nimschke na New York, akwai kuma wanda wani ya ƙara daga baya domin a tsuga wa mai saye kuɗi. Wannan na ƙarshe rage daraja yake yi. Ka sa gilashin ƙara girma a kan layukan: idan cikinsu ya yi duhu daidai da sauran jikin, kuma zanen ya shafe a inda tafin hannu ke riƙewa, to sun tsufa tare. Idan kuwa layukan suna da kaifi alhali jikin ya sha jiki, ko zanen ya bi ta kan tsohon tabo, akwai magana. Bindigogin da aka sayar wa sojoji galibi ba su da ado, don haka idan ka ga alamun Turkawa tare da barewa, ka ƙara bincike.

Lambar bindigar tana bayan kunama ta ƙasa, a na farko-farko kuma sai an cire katakon gindi. Gidan tarihin bindigogi na Cody da ke Wyoming a Amurka ne ke riƙe da kundin kamfanin, kuma yana bayar da takardar shaida, amma bayanan farkon ƙirar 1866 ba su cika ba.

Malam Ɗan Madina:
Magada su rage dogon buri. Winchester 1886 mai lamba 1 da aka yi gwanjonta a 2016 kan sama da dala miliyan ɗaya, tarihinta a rubuce yake. Taku, sai an leƙa cikin bututun, domin albarushin zamanin da yana barin ramuka, a kuma duba ko katakon da kusoshin na asali ne. Kafin duk wannan, Baban Hafsa, ku nemi izinin mallaka daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, domin tsufa ba ya fitar da makami daga doka, kuma kada a sa hotonta a kasuwar intanet kafin takardar ta fito.