Ina so in ba yayana ƙodata: ina neman shawarar wanda ya taɓa bayarwa

Manomin Fadama, Argungu:

Assalamu alaikum. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ƙodojinsa sun gaza sakamakon hawan jini, kuma yanzu rayuwarsa ta rataya ga wankin ƙoda, wanda likitoci suka ce sau uku ya kamata a yi a mako, amma ƙarfinmu bai kai ba duk da mun sayar da shanun huɗa. An ce dashe ne mafita, kuma rukunin jininmu ɗaya ne. Zuciyata ta amince in ba shi tawa, sai dai mahaifiyarmu ta ce ba za ta iya ganin 'ya'yanta biyu kwance a asibiti rana ɗaya ba. Ni da noman shinkafa nake ciyar da iyalina. Shin mai ƙoda ɗaya zai iya komawa noman rani da ɗaukar buhu, ya yi azumi cikin zafin bazara, ya kuma ci gaba da haihuwa?

Uwar Biyu, Gusau:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba yayanka lafiya. Ni na ba ƙanena ƙodata, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne dacewar rukunin jini matakin farko ne kawai. An ɗebi jinina an haɗa da nasa don a ga ko jikinsa zai ƙi ƙodar, an auna sukari da hawan jini, an duba ciwon hanta da ƙanjamau, an ɗauki hoton ƙodojin da jijiyoyinsu. Daga baya wani likita ya keɓe da ni, babu mijina babu kowa daga dangi, ya tambaye ni ko akwai mai matsa mini, ya kuma tabbatar mini cewa ina da ikon janyewa har zuwa ranar tiyata. Wannan zaman ya fi duk gwaje-gwajen kwantar mini da hankali.

Ta hagu aka cire, domin jijiyarta ta fi tsawo, ta fi sauƙin haɗawa a jikin mai karɓa. Da na farfaɗo, tari ma sai na dafe wurin ɗinkin da matashi, kuma washegari ma'aikatan jinya suka tashe ni tsaye suka sa na taka a hankali ina riƙe da bango. Zafin ya wuce da wuri, amma kasalar ta daɗe, ta yadda ko shara na yi sai na nemi wurin zama. An hana ni ɗaukar kaya mai nauyi na kimanin mako shida, don haka ka sa aikin ya faɗo bayan girbi, ka kuma tanadi wanda zai riƙe maka gona. Yanzu ina azumina da izinin likita, ina yawaita shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur. Ban taɓa nadama ba, musamman idan na tuna yadda ƙanena ya koma cin abinci da marmari bayan ya daɗe yana auna ko ruwan da zai sha. Game da Inna kuwa, kada ka yi mata gardama, ka kai ta wurin likitan ta ji da kunnenta.

Ma'aikacin Jinya, Birnin Kebbi:

Malam, wannan aiki ba sabo ba ne. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi a Boston ta Amurka a 1954 tsakanin tagwaye, kuma wanda ya bayar, Ronald Herrick, ya rayu har 2010. A nan Arewa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashe tun 2002. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma har ta riƙa yin kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin da biyun ke yi, wanda ya isa rayuwa da aikin ƙarfi, kuma ba da ƙoda ba ya hana namiji haihuwa.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba: tiyata ce babba, ana ƙiyasta mutuwar mai bayarwa da kusan mutum 3 cikin 10,000, kuma tunda hawan jini ne ya kayar da yayanka, dole a bincike ka sosai, domin ciwon yana bin dangi. Bayan aikin, babban abin tsoro ga manomi shi ne yini cikin rana ba ruwa, da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis bayan an tashi daga gona, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ka kuma riƙa auna jini da fitsari duk shekara. Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne yayanka zai sha maganin hana jiki ƙin ƙodar muddin tana jikinsa, kuma idan kuɗin maganin ya yanke, ƙodar da ka bayar tana iya lalacewa. Ku zauna da dangi ku tsara wannan kafin a sa ranar tiyata.

Ɗalibin Ilimi, Jega:

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta mai rai ya ba da sashen jikinsa idan rayuwarsa ba ta dogara da shi ba kuma da yardarsa, amma ta hana sayarwa. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ita ma ta haramta cinikin sassan jiki, saboda haka idan gwaji ya nuna ba ka dace ba, ku nemi wani a cikin dangi, kada ku saurari dillalin da zai ce zai samo muku mai sayarwa.