Yaya za a sa majinyata cikin binciken tiyata, ba sa hannu kaɗai ba?

Maman Hanifa, Jidda: Assalamu alaikum. Ana shirin bincike kan ciwon tiyata da ke yin ruwa bayan an sallami mutum, kuma da yawa daga cikin waɗanda za a bibiya Hausawa ne mazauna Jidda da Makka. An ce a sa majinyata a matsayin abokan aiki. A aikace me ake yi? Sa hannu a takardar amincewa bai wadatar ba?

Abu Sadik, Makka: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bai wadatar ba, wannan izini ne kawai. Abokin aiki tun kafin a rubuta tambayoyi yake zama da ku. Ku nemi mutum huɗu zuwa shida da aka taɓa yi wa aiki, maza da mata, har da mai kula da majinyaci ko ɗaya. Kada ku ɗauki mutum guda, zai yi shiru a gaban likitoci. Ku biya musu kuɗin mota da na lokacinsu.

Su fara karanta takardar tambayoyin da babbar murya. In kun rubuta "ko ciwon ya kamu da ƙwayoyin cuta?" kowa zai ce a'a. Amma "yana fitar da mugunya? Yana wari? Gefen ɗinkin ya kumbura? An yi zazzaɓi?" za ku ji gaskiya. Ana bibiya kwana 30 bayan aiki, kwana 90 in an sa ƙarfe a jiki, kuma yawancin wannan lokacin mutum yana gida, idon likita ba ya kansa.

Dakta, Madina: Ƙari a kan maganar Malam. Jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2008, wato jerin abubuwan da ake dubawa don kauce wa kuskure a tiyata, yana da abubuwa 19 a matakai uku: kafin allurar barci, kafin yanka, da kafin fita daga ɗakin tiyata. A gwajin jadawalin a asibitoci takwas da aka buga a 2009, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. In aikin na allurar barci ne, matakin farko ne kaɗai majinyaci yake farke, shi zai faɗi sunansa, aikin da za a yi, da gefen da aka yi wa alama. Nan ake samun matsala. Ana tambaya da Larabci, dattijo ya gyaɗa kai don kunya, a rubuta ya tabbatar. Ku sa abokan aikinku su tsara tambayar yadda sai ya faɗa da bakinsa, da tafinta wanda ba ɗansa ba, don uwa ba za ta faɗi komai a gaban ɗanta ba. Su ne kuma za su nuna muku yadda ake tambayar maganin gargajiya ba tare da mutum ya ɓoye ba.

Maman Hanifa, Jidda: Masu tsoron a tambaye su iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, fa?

Abu Sadik, Makka: Kada ku karɓi bayanin da binciken ba ya bukata. Lamba za ku sa a madadin suna, ku bayyana hakan da Hausa tun farko, kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarin a rubuce kafin kiran waya na farko.