Muhawara: Shin tambarin gida a Birtaniya hujja ce ta asalin mutum?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. Wani Bature abokin aikina a nan Ingila ya gayyace ni gidansa, sai na ga allo a rataye a falo, an zana jar garkuwa da zaki a tsaye, da kwalkwali a samanta, a ƙasa kuma wani take da harshen Latin. Ya ce tambarin gidansu ne, ya saye shi a shagon tsaraba, inda mutum zai faɗi sunan gidansu a duba kwamfuta a bugo masa nan take. Ni a ganina, tunda sunan gida a wurinsu gado ne daga uba zuwa ɗa, duk mai ɗauke da sunan yana da rabo a tambarin, kuma tambarin ya isa ya nuna masa tushensa.

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, an dai sayar wa abokinka takarda mai kyan zane. A ƙa'idar Ingila ba a ba wa suna tambari, mutum guda ake ba wa, sannan ya gangaro zuwa zuriyarsa ta wajen uba. Hukumar da ke kula da wannan, wato College of Arms da ke Landan, Sarki Richard na Uku ne ya ba ta takardar kafuwa a 1484, kuma har yau wanda ke da'awar tambari sai ya nuna mata salsalarsa, kaka bayan kaka, har zuwa kan wanda aka ba wa tun farko. Ɗauki suna irin Smith, wanda ma'anarsa maƙeri: kowane gari yana da maƙerinsa, ta yaya za a ce duk uba ɗaya suka haɗa?

Hajiya:
Malam, ban ƙi maganarka ba, amma ka yi wa Turai kuɗin goro. A Sikotilan ɗan kowace ƙabila yana iya maƙala alamar shugaban ƙabilarsa a hula ko a ƙirji, da takenta a rubuce, ba wanda zai hana shi. A Poland ma gidaje da yawa masu sunaye daban-daban sun yi tarayya a tambari guda. Ke nan ra'ayin ɗan'uwanmu ba daga sama ya faɗo ba.

Malamin tarihi:
Hajiya, ki duba alamar nan ta Sikotilan da kyau. Ana kewaye ta da zanen ɗamara mai maɗauri, kuma ma'anar ɗamarar ita ce mai sanye da ita mabiyi ne, alamar kuwa ta shugaba ce. Garkuwar kanta ba ta halatta gare shi ba. Can ma ai abin ya fi tsanani, domin suna da kotu ta musamman, kotun Lord Lyon, kuma tun dokar 1672 ake da rajistar da dole a shigar da kowane tambari kafin a yi amfani da shi. Batun Poland gaskiya ne, sai dai shi ma ya rushe da'awar ne: idan gidajen da ba su haɗa suna ba za su iya haɗa tambari, to tambari bai zama ma'aunin jini ba.

Ɗalibin shari'a:
Ina neman izinin manya in kawo wata shari'a da ta nuna yadda magabata suka ɗauki abin. A 1385, lokacin da Sarki Richard na Biyu ya kai yaƙi Sikotilan, mayaƙa biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar garkuwarsu iri ɗaya ce: shuɗiya, da ratsin zinariya a karkace. Aka kai ƙara, aka shafe shekaru ana sauraron ɗaruruwan shaidu, har a 1390 sarki ya tabbatar wa Scrope. Grosvenor ya koma amfani da damin alkama na zinariya a kan shuɗi. Abin lura shi ne gidajen biyu ba dangi ba ne, zanen ne kawai ya zo ɗaya. Da a ce wani zai bi zane ya nemo kakanni, da ya shiga gidan da ba nasu ba.

Mai buɗe zance:
Na ji, na kuma janye maganar garkuwa. Amma take fa? Ni na ɗauke shi kamar kirarin gida a wurinmu, wanda maroƙi yana fara shi tsofaffi za su gane ɗan wane gida ne.

Malamin tarihi:
Kwatancen yana da daɗin ji, amma kirari ya fi shi riƙe tarihi, saboda yakan ambaci sunayen kakanni da garuruwa. Take kuwa jimla ce gajera, yawanci da Latin ko Faransanci, kamar “Dieu et mon droit” na sarautar Ingila, wato Allah da haƙƙina. A Ingila mai tambari yana iya sauya takensa idan ya ga dama, kuma gidaje da dama sun ɗauki jimla guda ba tare da sun san juna ba. A Sikotilan ne kaɗai daga cikin biyun ake rubuta take a cikin takardar izini, sauya shi sai an koma hukuma. Kada kuma a ɗauka tambari yana nufin tsohuwar sarauta. John Shakespeare, mahaifin shahararren marubucin nan William Shakespeare, sana'arsa ɗinkin safar hannu ce, ya nema aka ba shi nasa a 1596.

Hajiya:
Duk da haka ba zan yarda a ce tambari ba shi da amfani ga mai bincike ba. Tsakanin 1530 da 1688 jami'an tambura sun riƙa zagaya lardunan Ingila suna rubuta salsalar masu tambari, kuma waɗannan rubuce-rubuce suna nan. Idan mutum ya ga tambari a kan kabari ko zoben hatimi da aka gada a gidansu, wannan zare ne da ya kamata a ja.

Ɗalibin shari'a:
Haka ne Hajiya, zoben gado daban, allon shago daban. Abokin Malam ya fara daga kansa ya yi baya: takardun haihuwa da aure da mutuwa na gwamnati, waɗanda aka fara a Ingila a 1837, da ƙidayar 1841 mai ɗauke da sunayen mutanen kowane gida, sannan littattafan coci da aka ba da umarnin ajiyewa tun 1538.

Mai buɗe zance:
Zan isar masa ranar Litinin, ko da yake ban san yadda zai ji ba, don allon ya ci masa kuɗi kuma ya riga ya aika wa 'yar'uwarsa irinsa a Kanada.