Neman kalma: me za mu kira CDN da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wani darasi na masu koyon gina shafin intanet, kuma jibi da safe zan miƙa shi don a ɗauki murya. Na maƙale a babin da ke bayanin yadda ake sa shafi ya riƙa buɗewa da sauri. Kalmar ita ce CDN, wato Content Delivery Network. Na'urar fassara ta ba ni "hanyar sadarwar isar da abun ciki", ni kuwa ba zan ɗora wa mai karantawa wannan a kowane sakin layi ba. A taimaka da shawara, don Allah.

Ɗalibar Hausa: Wa alaikumus salam. Malama, "abun ciki" kam a ajiye shi gefe tun yanzu, don Bahaushe na jin sa tunaninsa zai tafi ga cikin jiki. Ƙunshiya ta fi. Me zai hana "hanyar rarraba ƙunshiya"?

Injiniya: Kafin a raɗa suna, bari a ga fuskar jaririn. Kowane shafi yana zaune ne a kan wata sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shi tana miƙa wa masu nema, ita ce ta asali. In tana Amurka mai karatu kuma yana Indiya, duk abin da ya nema sai saƙon ya je ya dawo. Haske a cikin kebul ɗin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma babu kuɗin da zai ƙara masa gudu. In tsakaninku kilomita 10,000 ne, zuwa da dawowa kaɗai ya ci kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, in ma hanyar a miƙe take, wanda ba ta taɓa zama haka. Kuma ba tafiya ɗaya ake yi ba. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, za ta ƙulla hulɗa da sabar, zagaye ɗaya ke nan. Za su daidaita kan makullin tsaro, wani zagayen. Sannan ta nemi shafin, sannan hotuna da sauran fayiloli.

Abin da masu CDN suka yi shi ne baza sabobi a birane masu yawa na duniya. Mutum na farko a wani yanki ya nemi hoto, sabar da ke kusa da shi ba ta da shi, sai ta ɗauko daga ta asali, ta ba shi, ta riƙe kwafi. Duk wanda ya biyo baya, daga wannan kwafin za a ba shi. Saboda haka ni a ganina "isarwa" da "rarrabawa" duk sun bar asalin aikin a baya. Abu biyu ne: ajiye kwafi, da kusanci. Sunan da ya rasa su ba zai koya wa ɗalibi komai ba.

Tsohon Malami: Madalla da bayani, Injiniya. Tunda kusanci ne ruhin abin, to ga suna: Kusantau. Kalma ɗaya, gaɓa uku, kuma a kan tsarin da harshe ya riga ya sani, kamar Mantau da Gagarau. Ba sai an jero kalmomi biyar ba. Amma ina da ƙorafi. A bayanin nan naka na ji sabar, na ji burauza, na ji kebul, na ji fayil. Ina Hausar take? Ai tuni aka ce uwar garke.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, uwar garke na sha ganin ta a rubuce, amma a wurin aiki sabar muke cewa. Kuma a nan ma za ta kawo ruɗani, don sabobin CDN ba su ne uwaye ba, kwafi suke riƙewa. In an kira su duka uwar garke, da me za a bambanta ta asalin?

Ɗalibar Hausa: Baba Malam, ina da tambaya kan Kusantau, a yi mini afuwa. Mantau shi ne mai yawan mantuwa, Gagarau wanda ya gagara. To Kusantau zai zama wanda shi da kansa yake kusantar abu. Mu kuwa muna neman mai kusanto da abu ga wani. Sannan irin waɗannan kalmomi laƙabi ne na mutum ɗaya. Mene ne jam'insa? Abin da ake magana a kai taron sabobi ne.

Tsohon Malami: 'Yata, nahawu bayan magana yake zuwa. In mutane suka karɓi kalma, ma'anarta za ta zauna inda aka ajiye ta. Tauraron ɗan Adam ba tauraro ba ne, yanar gizo ba gizo-gizo ne ya saƙa ta ba, amma yau wa ke tambaya? Da waɗanda suka ƙirƙiro su sun ji tsoro irin naku, da yanzu satalayit muke cewa. Abin da ke damuna shi ne, ku matasa kun riga kun yanke cewa Hausa ba ta isa ta ɗauki kimiyya ba, sai dai a liƙa mata haruffan Turanci.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, wannan hukuncin ya yi tsauri. Aro ba raini ba ne. Littafi da alƙalami daga Larabci muka karɓo, mota da rediyo daga Turanci, kuma babu wanda zai ce ba Hausa ba ne yau. An yi shekaru ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, ga shi kwamfuta ce ta zauna a bakin jama'a. Wata ƙirƙirar takan ci, wata takan faɗi, kuma ba mu ne ke yanke hukuncin ba.

Ni gwajin da nake yi wa sabuwar kalma shi ne in saka ta cikin labari. A ranar 8 ga Yunin 2021 kamfanin Fastly, mai sana'ar CDN, ya samu tangarɗa, manyan shafuka irin su na gwamnatin Birtaniya da Reddit da New York Times suka ɗauke na kusan awa guda. To a karanta: "Kusantau ya samu tangarɗa, shafuka sun ɗauke." Mai sauraro zai ɗauka sunan mutum ne ko na kamfani.

Tsohon Malami: Ai duk sabuwar kalma haka take a ranar farko. Ka faɗe ta sau uku da bayani, rana ta huɗu ba sai ka yi bayani ba. Ku da ke riƙe da makirufo ku ne ya kamata ku yi wa harshe wannan hidimar, amma kun fi son abin da ya zo da sauƙi.

Ɗan Jarida: Malam, hidimar da muke yi ita ce mai sauraro ya fahimta a jin farko, don ba shi da damar komawa baya ya sake karantawa.

Mai Fassara: Malamai, don girman Allah a dawo kan kalmata. Lokaci na tafiya.

Mai Koyarwa: Ni ina ganin "zangunan bayanai". Zango wuri ne a kan doguwar hanya inda ake sauke kaya, kuma ba ɗaya ba ne, suna nan jere. Jam'in ma yana nan a shirye.

Injiniya: Zango ya yi daɗin ji, na yarda. Matsalarsa ita ce a zango kaya kwana suke su wuce, kuma kowane matafiyi sai ya taso tun daga farkon hanya. A nan kuwa amfanin duka shi ne ba a sake yin doguwar tafiyar. Kwafin yana zaune har lokacin da mai shafi ya ɗiba masa ya cika, ko minti biyar ko shekara guda, sannan a je a duba ko akwai sabo. Ɗalibin da ya ɗauka wucewa kawai bayanai ke yi, ranar da ya canza hoto a shafinsa ya ga tsohon yana ta fitowa, ba zai gane dalili ba. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi rikita masu koyo.

Kuma Malama, duk abin da za ki zaɓa, kada ki cire haruffan CDN daga darasin. Akamai tun 1998 yake wannan sana'a, Amazon ya fito da CloudFront a 2008, Cloudflare ya fara aiki a 2010, kuma a takardun bayaninsu haruffan nan uku ɗalibi zai tarar. In bai taɓa ganin su ba, zai tsaya a gaban allo bai san abin da yake nema ba.

Ɗalibar Hausa: To tunda ajiya da kusanci ne, a faɗe su kai tsaye mana: ma'ajiyar kusa. Jam'i, ma'ajiyoyin kusa. Kowace sabar ma'ajiyar kusa ce, tsarin duka kuma "tsarin ma'ajiyoyin kusa". Ta asalin sai a ce sabar asali.

Ɗan Jarida: "Ma'ajiyoyin kusa na kamfanin sun samu tangarɗa." Wannan zan iya karantawa.

Injiniya: Ba ta kama komai ba. CDN na yau yana tare harin da ake yi na cika shafi da buƙatun bogi har ya durƙushe, yana matse hotuna, wasu har ƙananan manhajoji suke gudanarwa. Kuma shafin da ke nuna wa kowa nasa bayanin, kamar na asusun banki, ba a ajiye kwafinsa haka. Amma ga darasin sauri, ta wadatar.

Tsohon Malami: Wannan bayani ne, ba suna ba. Gaɓa bakwai a inda uku za su isa. Sai dai aƙalla babu baƙuwar kalma a ciki, don haka ba zan hana ba. Ni a rubutuna Kusantau zan ci gaba da sawa.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda zan yi: a farkon babin zan rubuta "CDN, wato tsarin ma'ajiyoyin kusa", mai karantawa ya furta si-di-en. Daga nan in ana maganar kamfani ko wurin saiti sai in ce CDN, in ana bayanin yadda yake aiki in ce ma'ajiyar kusa. Sabar zan bari yadda take, Malam a yi haƙuri. Saura guda: umarnin da mai shafi ke bayarwa a goge tsohon kwafi daga duk ma'ajiyoyin a lokaci ɗaya. "Share ma'ajiya" na rubuta.

Injiniya: "Share kwafi" ya fi. In kika ce share ma'ajiya, wani zai ji tsoron hotunansa na asali ne za su tafi, ya ƙi dannawa.