Neman shawara: wane irin kayan kariya ya dace da aikin fanel?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin wuta, don Allah ina neman shawara. Inda nake aiki muna yawan buɗe fanel na 415V, to oga ya kawo mana obarol wai wuta ba ta cin sa, na duba ko'ina a jikinsa ban ga wata lamba ba sai FR kawai. Shin wannan zai kare mutum in wuta ta yi tsalle ta fashe a cikin fanel? Gaskiya hankalina bai kwanta ba.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa bai isa ba wallahi. FR ɗin nan yadin ne kawai ba ya ci gaba da ci in wuta ta taɓa shi, wanda kake buƙata shi ne wanda aka gwada da irin wannan fashewar, za ka ga ATPV da lambar cal/cm² a lebul ɗinsa, wato ma'aunin yawan zafin da yadin zai iya tarewa. Ƙa'idar NFPA 70E ta Amurka ta kasa kayan kariyar gida huɗu bisa wannan lambar: 4, 8, 25 da 40. Kuma kar 415 ta ruɗe ka, ƙarfin fashewar ya danganta da girman tiransifoma da saurin yankewar bireka da kusancinka da wurin, shi ya sa ake so injiniya ya yi lissafi ya manna takarda a ƙofar fanel, sai ka ɗauki kayan da lambarsu ta kai ko ta haura ta takardar. Zafin 1.2 cal/cm² kacal fa ya isa ya salluɓe fata.

Amsa ta 2:
Ka kula da na ciki ma Malam. Singileti ko jesi na nailan narkewa yake ya manne a jiki, auduga zalla za ka sa. Kar a wanke obarol ɗin da bilic.

Amsa ta 3:
Fuska fa? Tabarau kaɗai ba ya aiki, sai gilashin rufe fuska mai lamba shi ma, da hular kwano da abin toshe kunne. Safar roba aji 0 tana ɗaukar har 1,000V, ka ɗora ta fata a kai, kuma kullum ka hura mata iska ka ga ko ta huje.

Amsa ta 4:
Ni dai tambayata, dole ne sai da wuta za ku yi aikin? Ku kashe, ku sa kwaɗo, ku gwada da mita, amma lokacin gwajin ma da kayan a jikinku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Fanel ɗinmu ko takardar babu, gobe zan fara tunkarar oga da maganar lissafin.