Me za mu kira abin tura tukwanen gas na walda?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar takardar koyon walda, kalma ɗaya ta tsaya min. Abin nan mai taya biyu da ake ɗora tukwanen oksijin da asitilin a tsaye a ɗaure su. Baro na rubuta, amma raina bai kwanta ba.

Baba Mai Walda: Wa alaikumus salam. Goge baro, ɗana. Wanda ya ji baro zai kwantar da tukunya, ta asitilin kuwa ba ta kwanciya. Wani ruwa da ake kira asiton ne ke riƙe da iskar a cikinta. In aka buɗe ta a kwance, ruwan zai bi ta geji, wato abin daidaita matsin iska da ke bakinta, ya shiga tiyo, wuta ta riƙa tofi. Sa amalanke.

Ɗan Gareji: Ko kura. Ai duk abin turawa ne.

Baba Mai Walda: Kura akwati ce a kwance. Wannan gindinsa farantin ƙarfe ne mai kaurin milimita 3, faɗinsa ya ci tukwane biyu, kowace wajen santimita 23. Bayansa ƙarfe mai kusurwa, milimita 40 da 40. Sandar tayoyin a bayan farantin take, yadda in ka sake shi zai zauna daram a ƙasa, sai ka kishingiɗa shi tayoyi su karɓi nauyin. Matsar da sandar ƙarƙashin tsakiya ka ga yadda zai gangara da kansa.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, amalanke aro ce daga Yarabanci. Tunda bayansa tukunyar take jingina, a kira shi magoyi, sarƙar kuma majanyi. Hausa ba ta yi talaucin da za ta je bara ba.

Ɗan Gareji: Malam, walda fa? Geji fa? Ka shiga shago ka ce a turo magoyi, ka ga ko yaro zai motsa.

Malamin Hausa: Haka ake cewa kullum, har harshe ya zama gwanjo.

Baba Mai Walda: Ni matsalata da majanyi guda ce: zane ne. Wani zai karanta ya ɗaure da tsumma ko roba, tartsatsi ya cinye, tukunya mai fiye da kilo 50 ta faɗi a kan wuyanta. In kan ya ɓalle, da irin matsin da ke cikin ta oksijin, ba mai tare ta. A rubuta sarƙa ƙarara, kowace tukunya da tata, a kashi biyu cikin uku na tsayinta. Ka kuma ƙara: ba a walda a jikin abin alhali tukwane na kai, kuma man da aka sa wa tayoyi kada ya kusanci bakin oksijin.

Malamin Hausa: Na janye majanyi. Magoyi dai ina nan a kansa.

Mai Fassara: Na gode, Baba. Na sa "amalanken tukwanen gas", da bayanin cewa a tsaye ake ɗora su. Malam, magoyi zai shiga jerin kalmomi na ƙarshe.

Malamin Hausa: A ƙarshe kuma? To, ba laifi. Amma tukunyar ma tulu ya kamata a ce, ku dubi wuyanta.