Neman shawara: ina zan samu hanyar burji ta keke kusa da gandun daji?

Salam 'yan uwa. Ni ɗan Mabera ne a nan Sakkwato, watan jiya na sayi keken hawan dutse na hannu, mai giya 21, kuma gaskiya na gaji da zagayen kwalta daga gida zuwa Gidan Man Ada in dawo, masu kabu-kabu na ta yi min hon kamar na ci musu bashi. Ina da hutun mako biyu a Disamba, ina son in ɗora keken a mota in tafi wani gandun daji na ƙasa in yi ta yawo a hanyoyin burji da na duwatsu. Na duba taswira idona ya kai kan gandun Kainji. Wa ya taɓa zuwa? Ana bari a shiga da keke? Kuma me zan riƙa?

Direban hanyar Yawuri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Kainji dai ka ajiye shi gefe tukuna. Gandun kashi biyu ne, Borgu da Zugurma, ta Jega da Koko da Yawuri ake bi daga nan, kuma wuri ne mai kyau ba ƙarya, amma shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a dajin, mu da ke bin hanyar a mota ma sai mun tambayi na gaba kafin mu wuce wasu wuraren balle kai kaɗai bisa keke. Kamuku na Birnin Gwari ma kada ka ko fara. Taswirar waya hanya take nuna maka, ba ta gaya maka wa ke kwana a bakinta.

Wata malama daga Arkilla:
Ka gaya wa mahaifiyarka wannan shirin kuwa? Tambaya ce kawai.

Wani da ya yi bautar ƙasa a Bauchi:
In dai gandu kake so ka yi haƙuri da nisa ka tafi Yankari. A da na tarayya ne, a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Daga Bauchi ka kama hanyar Gombe, a Dindima za ka karya zuwa Mainamaji inda ƙofar take, daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai wajen kilomita 40. Shawarata kar ka sa a ranka za ka tuƙa keke cikin gandun, akwai giwaye da ɓauna, yawon kallon dabbobi a mota ake yi da jagora, ga tsando mai cizo har ta cikin riga. Ka ajiye keken ka shiga ka yi wanka a ruwan Wikki, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, sannan hawan ka yi shi a waje, hanyoyin ƙauyukan Alkaleri da bayan garin Bauchi inda duwatsu suke. Amma can ma ka fara tambayar ma'aikatan ƙofa da mai unguwa ina ake bi ina ba a bi a wannan makon. Kuma gwaggon birin Wikki ɓarayi ne na gaske, ni burodi ɗaya ya fizge a hannuna ina tsaye, ya koma gefe yana ci yana kallona.

Mai gyaran keke:
Malam duk wanga zance na baya ne, taya dai. Tsidau da ƙayar bagaruwa su ne za su tsai da kai, ba zaki ba. Ka riƙa tiyub biyu sabbi, faci da gam, hwamhon hannu, da ɗan makullin da aka haɗa sarƙa in ta tsinke. In babu kuɗin taya marar tiyub mai ruwan toshe huda, samo tsohuwar taya ka yanke gefenta ka shimhiɗa ta ciki tsakanin taya da tiyub, keken zai ɗan yi nauyi amma ka huta. Bisa burji rage iska kaɗan, in ta yi tauri sosai sai ta riƙa tsalle tana zamewa. Kuma da hunturu kar ka cika ma sarƙa mai, ƙura ta manne ta cinye haƙoran giya.

Ɗalibi a Danfodiyo:
Yayana, ka taɓa yin kilomita 30 a ƙasa ba kwalta ba? Don ba ɗaya ba ne wallahi. Mu ranar Asabar bayan asuba muke tashi daga Dundaye mu bi hanyoyin fadamar Rima ta gonakin albasa da shinkafa, wani wuri labi ne na shanu wani wuri yashi sai ka sauka ka tura, kafin ƙarfe 10 mun dawo don ranar Sakkwato ba ta wasa ko da sanyi. Gabashin jiha, wajen Goronyo da Rabah, ba ma zuwa yanzu. Yadda muke nemo hanya: ka buɗe Google Maps ka juya shi hoton tauraron ɗan adam, layin da ya yi ja-ja burji ne, wanda ya yi fari yashi ne ka guje shi. Strava kuma, manhajar waya ta masu gudu da hawan keke, na nuna inda wasu suka saba bi, sai dai a nan yankin masu amfani da shi kaɗan ne, mai kai madara a keke ya fi shi sanin hanya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kainji na haƙura. Malama ban gaya mata ba tukuna, sai na gama lissafi. Ɗalibi ina kuke haɗuwa Asabar ɗin nan? Kuma a tasha kuɗin kujera guda za su caje ni na keken ko na kaya?

Direban hanyar Yawuri:
Cire tayar gaba ka juya kan keken ka ɗaure da roba, ka nannaɗe wajen giya da tsohon buhu don kada a danne shi da kaya. Na kaya ne, amma ku yi ciniki kafin a ɗora, ba bayan an ɗaure ba.